Salula a hannun ɗan lakwal: riba muke ci ko faɗuwa?

Duk wanda ya saba zagaya unguwannin Damagaram bayan sallar magariba, daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, ya san daren garin nan ya canza. A da abin da kunne ya saba ji shi ne muryar yara suna biya karatu, wasu a makarantar allo, wasu a gindin fitila da kaye a hannu. Yau sai ka tarar da yara huɗu ko biyar sun haɗa kawuna a zaure ko a bakin ƙofa, haske ɗaya na haska fuskokinsu, ba mai cewa uffan sai dariya jefi-jefi. In ka matsa kusa sai ka ga salula ce. In ka tambayi mai ita, sai a ce maka ta inna ce, ko ta baba, ko ta yaya.

Wannan amsar ce ta sa muka ga ya wajaba mu yi magana da ku kai tsaye, ku 'yan kasuwa maza da mata. Yaron da ke CE1 ko CM2 ba shi ya sayi salular ba, ba shi ya sa mata kuɗi ba, ba shi ya kai ta caji ba. Mu ne. Da hannunmu muke miƙa masa, sau da yawa don mu samu sararin ƙirga cinikin yini ko mu ɗora tukunya. Saboda haka kafin mu zagi zamani ko mu ɗora wa Turawa laifi, ya kamata mu zauna mu yi abin da muka fi kowa iyawa, wato lissafi. Me muke bayarwa, me muke karɓa?

Ba mu zo don mu kushe salula ba, domin mun san amfaninta. Tun farkon shekarun 2000 da wayar hannu ta shigo ƙasar nan, lokacin Celtel da Telecel, kasuwanci ya sauya kama. Yau mai shago a kasuwar Dole yana zaune zai ga hoton atamfa da shadda daga Kantin Kwari na Kano ta WhatsApp, ya zaɓa, ya yi ciniki, ya aika kuɗi, ba tare da ya taka tasha ba. Mai sayar da tattasai ko albasa tana jin farashin Matamaye da Magarya da na kasuwar Lahadi ta Mirya kafin ta ɗaure kaya. Wanda ɗansa ke ci-rani a Agadas ko Libiya yana jin muryarsa kowane mako. Salula kayan aiki ce, kamar sikeli da tiya da ma'auni. To amma babu ɗan kasuwar da ke ba yaro ɗan shekara takwas mabuɗin shago ya ce masa je ka yi abin da ka ga dama har gari ya waye. Abin da muke yi da salula kenan a kowane dare.

Mu dubi yinin ɗan lakwal a garin nan. Da asuba wasu sai sun je makarantar allo. Daga nan a tafi lakwal. In an taso, akwai aike, akwai ɗibar ruwa, kuma kowa ya san tarihin wahalar ruwa a Damagaram da yadda jarka da layin famfo ke cinye lokacin yara, musamman a watannin zafi. Yarinya kuma ga talla, ga wanke-wanke, ga rainon ƙane. Da la'asar wasu na da islamiyya. In aka cire duka wannan, abin da ya rage wa yaro don ya buɗe kayensa ya duba abin da mushe ko madam ta rubuta a allo bai wuce ɗan lokacin nan na tsakanin magariba da barci ba. Wannan ɗan lokacin shi ne jarinsa gaba ɗaya, kuma daidai wannan lokacin ne salula ke dawowa gida daga kasuwa.

Da a ce makarantunmu na da ƙarfin da za su cike giɓin, da da sauƙi. Amma kowa ya san halin da ake ciki. Aji ɗaya cike maƙil da yara, littafi ɗaya a hannun yara da yawa, ga azuzuwan zana da ba a iya kafawa sai an yi girbi an samu kara, kuma da ruwan farko ya sauka karatu ya watse. Akwai wani bincike da ake kira PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa don auna abin da yara suka iya. A na shekarar 2014, Nijar ce ta zo ƙarshe cikin ƙasashe 10, inda yaran ƙarshen firamare da suka kai matsayin da ake buƙata a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba. A na 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai kimanin 30 cikin 100. Ma'ana, ko a lokacin da aka yi murnar ci gaba, cikin yara goma da suka kai CM2, bakwai ba sa iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata. Salula ba ita ta haddasa wannan ba, ta dai tarar da bango a tsage. To wanda ƙafarsa ke ciwo ai ba a ƙara masa kaya.

Yana da kyau mu fahimci yadda waɗannan dandali suke aiki, domin ɗan kasuwa zai gane abin nan da nan. TikTok na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin. Facebook da Instagram da WhatsApp na kamfanin Meta ne na Amurka. Ba sa karɓar ko dala daga hannun mai kallo, amma suna cikin kamfanonin da suka fi kuɗi a duniya. Daga ina kuɗin ke fitowa? Mafi yawa daga talla. Hajar da suke sayar wa masu talla ita ce lokacin mai kallo da hankalinsa. Shi ya sa aka ƙera abin ta yadda na'ura ke lura da kowane bidiyo da ka tsaya a kansa, da daƙiƙa nawa ka yi, da wanda ka maimaita, sannan ta kawo maka irinsa. In yaro ya tsaya kan rawa, rawa za ta biyo baya. In ya tsaya kan faɗa ko zagi, su za su biyo baya. Kowace mai sayar da ƙosai ta san amfanin gyara: ka ƙara wa mai saye ɗaya don gobe ya dawo. Nan kuwa gyara ce da ba ta ƙarewa, kuma waɗanda suka tsara ta ƙwararru ne da ake biya maƙudan kuɗi don kada mai kallo ya ajiye. Babba mai gemu ma yana shan wuya kafin ya ajiye, balle yaro.

Wani zai ce ai ba yau aka fara ba, a shekarun baya ma an yi kukan gidajen kallo da kaset-kaset na finafinan Kano da na Indiya. Gaskiya ne an yi. Amma gidan kallo yana da ƙofa, yana da kuɗin shiga, yana da lokacin tashi, kuma uba na iya zuwa ya kamo ɗansa da hannu. Fim yana da farko yana da ƙarshe. Salula ba ta da ƙofa, ba ta da lokacin tashi, tana shiga har cikin gidan sauro, kuma abin da ke cikinta babu wanda ya tace shi don yara. Uwa na tsakar gida tana ganin ɗanta a kwance shiru tana cewa alhamdulillahi ba ya yawo, alhali ya yi nisan da ko mota ba ta kai shi.

Ɓarnar da abin ke yi wa karatu iri uku ce, kuma kowane mushe da ke riƙe da aji zai iya ba da shaida. Ta farko ita ce haƙuri. Koyon karatu aiki ne mai nauyi: a haɗa baƙi da wasali, a yi kuskure, a sake, a maimaita. Yaron da ya saba da abin da ke canzawa duk bayan daƙiƙa goma sha biyar, in ka aje masa shafi ɗaya da ba ya motsi, ba ya kiɗa, ji zai yi kamar an ɗaure shi. Ta biyu ita ce barci. Likitoci masana barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Wanda ya kai sha ɗaya ko sha biyun dare yana kallo, aka tashe shi da asuba, gyangyaɗi zai yi a aji, kuma abin da aka koya masa ba zai zauna ba. Ta uku ita ce ta fi ba mu tsoro: salular yau ba ta buƙatar a iya karatu. Saƙo na murya ne, labari na bidiyo ne, komai da hoto. Yaro na iya shekara yana latsa ta da gwaninta bai karanta jimla ɗaya ba. Mu kuma sai mu riƙa yabonsa muna cewa yaron nan akwai ƙwaƙwalwa, ya fi mu sanin waya. Iya latsa waya daban, iya karatu daban.

Yanzu mu zo ga lissafi. Mu ƙaddara yaro na yin awa biyu kacal a kan salula kowane dare. Shekarar karatu daga Oktoba zuwa Yuni wata tara ce, kimanin kwana 270. Awa biyu sau 270 ya ba da awa 540. In muka ɗauki yinin lakwal a matsayin awa shida, wannan daidai yake da yini 90 na makaranta, wato sama da wata huɗu na zuwa aji. Da a ce malamai ne suka shiga yajin aiki na wata huɗu, da garin nan ya ɗauka da surutu, da mun cika gidajen rediyo da ƙorafi. To ga shi muna yi wa 'ya'yanmu irin wannan yajin a cikin gidajenmu, shiru, ba mai magana. Ta fannin kuɗi kuma, in dala arba'in ce kawai ke tafiya a kuɗin intanet kowace rana saboda kallon yara, a wata jika shida kenan, a shekarar karatu jika hamsin da huɗu. Kaye nawa, bik nawa, littafin karatu nawa, fitila mai aiki da hasken rana nawa wannan kuɗin zai saya? Kowa ya auna da kansa.

Abin lura kuma shi ne yadda masu abin da kansu ke yi da 'ya'yansu. A ƙa'idar TikTok da Facebook, wanda bai kai shekara 13 ba bai cancanci buɗe shafi ba, kenan kusan duk ɗan firamare ba ya ciki. A ƙasar Sin, inda aka ƙirƙiro TikTok, irinsa da suke amfani da shi a gida, mai suna Douyin, tun 2021 ya taƙaita wa yaran da ba su kai shekara 14 ba minti 40 a rana, kuma a rufe yake gare su daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Faransa ta kafa doka a 2018 da ta hana yara amfani da salula a firamare da kwaleji. A 2023 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto kan fasaha a harkar ilimi, inda ta yi gargaɗin cewa kasancewar waya kusa da ɗalibi kawai na ɗauke masa hankali, ta kuma nemi kada a shigar da ita aji sai in za ta taimaki karatu. Ostireliya ta zartar da doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a irin waɗannan dandali, dokar ta fara aiki a Disamban 2025. Waɗannan ƙasashe ne masu azuzuwan siminti da littafi a hannun kowane yaro, amma sun ga abin tsoro. In mai sayar da abinci ya hana ɗansa cin abin da yake sayarwa, ai mai saye ya kamata ya yi tunani.

Sai dai dokar Faransa ko ta Ostireliya ba za ta yi mana magani ba, domin tamu matsalar ba a aji take ba. Yawancin yaranmu na firamare ba sa zuwa lakwal da salula. A gida suke samunta, kuma akwai hanyar da take bi ta isa hannunsu wadda ya kamata mu faɗa ba kunya. Da yawa daga cikinmu, musamman mata, ba mu samu zuwa makarantar boko ba. In saƙo ya shigo a rubuce, ko ana son a nemo lamba, ko a duba ko kuɗi sun shigo, yaro ake kira. Shi ya san lambar sirrin buɗe wayar, shi ke sa mata kuɗi, shi ke gyara ta in ta rikice. A hankali sai ya zama shi ne mai wayar, uwa kuma ta koma mai aro. Ta yaya za ta hana shi abin da ita ke roƙonsa ya buɗe mata? Nan ne gizo ke saƙa.

Muna jin masu cewa ai akwai karatu a cikin salula, akwai wa'azi, akwai darussan Faransanci da lissafi. Akwai, ba mu musa ba. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a cikin awa biyun nan, minti nawa ke tafiya a darasi? Kuma wanda ya riga ya iya karatu shi ke cin moriyar abin da ke ciki, don shi zai iya nema, ya zaɓa, ya bambance gaskiya da ƙarya. Ɗalibin jami'ar André Salifou ko na lise Amadu Kuran Daga na iya mayar da salula ɗakin karatu. Ɗan CP da bai gama sanin baƙaƙe ba, sai abin da na'ura ta zuba masa.

To mene ne abin yi? Shawararmu ta farko ba ta buƙatar ko dala. Daga magariba zuwa bayan isha'i, salula ta shiga inda kuɗin ciniki ke shiga, cikin akwati ko lalita ko ɗaurin zane, kuma kada ta kwana a ɗakin yara. Wanda ke da ciniki na gaggawa ya kira, a amsa, a mayar. Wannan doka sai ta hau kan kowa, har mai gida, domin yaro ba ya jin faɗan uban da ke masa faɗa ido na kan waya. A canza lambar sirri, a sa wani babba ya koya wa uwa yadda za ta buɗe abinta da kanta. In za a ba yaro kallo, a sa masa rana da lokaci, misali ranar da babu lakwal, a tsakar gida inda kowa ke gani, bayan ya gama aikinsa.

Ta biyu, rashin zuwa boko bai hana uwa ko uba bin sawun karatun ɗansu ba. Hajiya, ke da ke gane jabun atamfa da taɓawa ɗaya, ba za ki kasa gane kayen da aka yi rubutu a cikinsa yau da wanda aka kwana uku ba a buɗe ba. Ki ce ya buɗe miki, ya nuna miki na yau, ya karanta da ƙarfi kina ji, ya faɗa miki ma'anarsa da Hausa. In yana in-ina za ki ji. Alhaji, ka ba shi littafin bashi ya rubuta sunaye da kuɗi, ya tara, ya cire, ka gwada da lissafin da ke kanka. Ka miƙa masa ko da wannan shafin ne ya karanta maka. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin kunya ne a ce ɗan garin nan ya kai CM2 bai iya karanta wa uwarsa wasiƙa da harshen da ya sha a nono ba.

Ta uku, abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. In ka hana naka, zai tafi gidan maƙwabci. Saboda haka muna kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata masu adashi da su ɗauki maganar nan, a yi yarjejeniya layi-layi cewa lokacin karatu lokacin karatu ne. Kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES, da ƙungiyoyin uwayen yara, su sa batun cikin taronsu, kuma mu daure mu rufe shago na awa ɗaya mu halarta. Matasanmu na fada da suka yi karatu, maimakon shayi da waya har tsakar dare, su tara ƙannensu biyar ko goma a gindin fitila ɗaya su yi musu bita. Masu shagunan caji da tura finafinai da waƙoƙi a katin waya, ku 'yan kasuwa ne kamar kowa, amma ku ji tsoron Allah kan abin da kuke zuba wa yaron da ya zo muku da wayar uwarsa. Malaman makaranta su ma su aje tasu in sun shiga aji. Hukumomin ilimi na jiha da gidajen rediyo kuma su yi wa uwaye bayani da Hausa, ba a takardar da za ta kwana a ofis ba.

Damagaram gari ne da kasuwanci ya gina. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ayarin fatake ke tashi daga nan zuwa Kano da Agadas har Tarabulus, kuma manyan attajiran wancan lokaci ba su rabuwa da malamai masu rubuta musu wasiƙu da lissafin dukiya, don sun san dukiyar da ba a rubuta ba ta mutane ce. Yau da ciniki ya koma na takardar kwastan da rasit da saƙon banki, buƙatar ta ninka. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan uku da rabi, kuma kusan rabin 'yan ƙasar nan yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan yaran su za su gaji shagunanmu da rumfunanmu. Wanda ya bar wa ɗansa shago bai bar masa karatu ba, ya bar wa wani shagon ne, ɗan nasa kuma ya zama yaron shago a dukiyar ubansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Salula za ta jira yaro, in ya girma zai same ta, wataƙila ma wadda ta fi ta yau. Shekarun koyon karatu kuwa ba sa jira, in sun wuce sai a yi ta faman kame-kame. Yau da magariba, in an dawo daga kasuwa an ƙirga ciniki, a ƙara tambaya ɗaya a cikin lissafin: ina kayen yaron nan, kuma wayar tana hannun wa? Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nema.